Baƙonka Annabinka: Amanar Masu Zuwa Kallon Zuma

Mu mutanen Suleja, Allah Ya ajiye mu a inda ido ba ya ƙoshi da kallo. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ɗari da aka fito da ita a 1999 ya ga Dutsen Zuma, wanda ke tsaye daura da Madalla a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Wanda ya juya naira ashirin kuwa ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, ita da ta shiga makarantar tukwanen Michael Cardew ta garinmu a 1954. In aka miƙi hanyar Minna, ga ruwan Gurara yana rikitowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita 30. Ke nan kusan kowane ɗan Nijeriya ya taɓa yawo da hotonmu a aljihu. To, me ya sa masu tsayawa su gani da idonsu ba su taka kara sun karya ba?

Amsar ita ce tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Ranar 8 ga Afrilun 2011, ana jajibirin zaɓe, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ya hallaka mutane, cikinsu har da matasa 'yan bautar ƙasa waɗanda aiki ne ya kawo su wurinmu. Ranar Kirsimetin wannan shekara wani ya tashi a cocin Santa Tereza ta Madalla, a gaban idon Zuma, aka rasa rayuka fiye da talatin. Ba a gama share hawaye ba, sai masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna, har matafiya suka gudu zuwa jirgin ƙasa, shi ma aka tare shi ranar 28 ga Maris 2022. Mutumin da ya ɗauko iyalinsa don shan iska ba ya bambance wannan jiha da waccan. Labari ɗaya ya ishe shi ya fasa tafiya.

Sai dai kuma ba bindiga kaɗai ke korar baƙo ba. Mun sha ganin samari sun gitta gora a bakin wurin kallo suna karɓar kuɗin shiga ba rasit, mun ga mai babur ya ninka kuɗin haya don ya ji harshen fasinja ba namu ba ne, mun ji kukan wadda aka fizge wa waya a tasha. Ga shi ruwa ba ya da aboki. Gurara da rani takan kwanta, tabkunanta su yi garau, mutane su shiga iyo. Da damina kuwa sai ta cika ta tumbatsa, duwatsu su yi santsi. Ɗan gari ya san lokacin da za a shiga da inda ba a takawa, amma baƙo ko da ido makaho ne. In babu mai yi masa jagora, yawon buɗe ido sai ya ƙare a zaman makoki.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasar Malesiya akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sifadan, inda masu nutso daga ko'ina a duniya ke zuwa kallon kifaye da kunkurun teku. A watan Afrilun 2000 'yan bindigar Abu Sayyaf suka dira can cikin dare, suka kwashi mutum 21 zuwa tsibirin Jolo na Filifin. Goma daga cikinsu baƙi ne, sha ɗaya kuwa ma'aikatan wurin ne, wato masifar da ta biyo baƙo ba ta tsallake mai masauki ba. Bayan haka aka girke jami'an tsaro, daga baya kuma aka ƙayyade masu shiga a kowace rana, kowa da takardar izini. Yau masu nutso suna layin neman wannan takarda. Teku dai ita ce ta da, abin da aka gyara shi ne tsari.

Mu kuwa muna da dalilin da ya fi neman kuɗi. Kakanninmu da kansu baƙi ne a wannan ƙasa. Jihadi ne ya fito da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828 a tsakanin Gwari da Koro. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sunan garinmu muka bayar kyauta, muka koma amsa Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, kuma a nan ma'aikatan farko na ginin birnin suka sauka. Garin da baƙunta ta haifa, baƙunta ta raya, bai kamata a ce baƙo yana shigarsa da hannu a kan aljihu ba.

Tsaron babbar hanya nauyi ne na hukuma, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Masu unguwanni su san samarin da ke yi wa baƙi jagora, a ba su shaidar aiki. Kuɗin shiga a rubuta shi a allo, a ba da rasit. A ajiye gwanayen iyo a bakin ruwa, a hana shiga in ya cika. Ɗaliban jami'a da suka san tarihin Makau da Ladi Kwali su zama bakin da zai ba da labarin, tun kafin wani ya ba da shi a karkace.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne ba ya daɗewa, amma raɓar nan ita ke jiƙa mai tukwane da mai gasa masara da direban tasi. Wanda ya koma gida lafiya zai turo goma, wanda aka cuta zai hana ɗari. Allah Ya tsare mana baƙinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.