Kiɗa Goma Don Sabon Kunne

Duk wanda ya taso yana kallon finafinai a ƙasar Hausa, in ka ce ya kawo maka waƙoƙin fim guda ashirin, ko numfashi ba zai ja ba zai jero maka su, na Indiya da na Hausa, har da sunan wanda ya rera da kalar kayan da jarumar ta saka. Amma fa tambaye shi kiɗan nan da ake sakawa can ƙasa-ƙasa, wanda ke tashi lokacin da bos ya shigo, ko sa'ad da aka zo wa uwa da labarin mutuwar ɗanta, sai ka ga ya yi shiru. Ya ji shi kam, wataƙila ma shi ya sa shi hawaye, sai dai bai taɓa zama ya saurare shi shi kaɗai ba. Ko tsayayyen suna ba mu ba shi ba, wasu su ce sauti, wasu su ce kiɗan bayan fage. Ni dai da na biyun zan yi amfani.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne ɗan yayata, wanda bayan ya gama sakandare ya maƙale wa wani situdiyo a Kano yana koyon fiyano da kwamfuta, har aka fara ba shi aikin sa wa finafinai masu dogon zango sauti. Yadda ya tarar ana yi a wurin shi ne, akwai wata ma'ajiya a cikin kwamfuta da aka tara kiɗe-kiɗen da aka yanko daga finafinan waje, an rarraba su: ga na kuka, ga na faɗa, ga na soyayya. In jaruma ta fara sharɓe sai a ɗauko na kuka a liƙa. Wannan hanya tana da haɗari, domin masu haƙƙin kiɗan suna iya sa a sauke fim daga intanet, wahalar mutane ta tafi a banza. Abin da ya fi damuna ma shi ne yaron zai iya shekara goma a kan kujerar nan bai tsara kiɗa ko ɗaya nasa na kansa ba. Da yake ya san ni da tarin kasa-kasai da faya-fayai, sai ya ce, “Kawu, don Allah ka haɗa min waɗanda suka fi kowanne daɗi a wuri guda.”

To, wanda ya fi daɗi daban, wanda ya dace da mai koyo daban. A makarantar allo ma da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kafin a kai ga haddatu. Don haka sai na fara da gindaya wa kaina iyaka: kiɗa goma kacal, kada su wuce minti 45, wato tsawon ɓari guda na kaset ɗin C-90 da muka saba da shi a da, kuma kowane mai tsara kiɗa sau ɗaya zai shigo. Na san ɗan katin waya na yau zai ɗauki dubbai, amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wanda aka bai wa dubu zai yi ta tsallake ne, wanda aka bai wa goma kuwa dole ya maimaita har su zauna masa.

Sai kuma ma'aunin zaɓe, kuma a gida na samo shi. Bahaushe ya daɗe da sanin abin da ake kira take. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, mahauta da maharba kowa da nasa. Makaɗi ba ya buƙatar buɗe baki, kalangu kawai zai taɓa, sai ka ga wani ƙato ya zabura daga cikin taro yana tsuma, saboda an kira shi. Manyan masu tsara kiɗan fim abin da suke yi ke nan: su ba mutum, ko wuri, ko wani yanayi na zuciya takensa, ta yadda duk sa'ad da ya tashi mai kallo ya san wanda ake nufi ko da bai bayyana ba. Saboda haka duk kiɗan da na ɗauka sai da na tambayi kaina: take ne? Za a iya yin fitonsa bayan an ji shi sau biyu? Zai iya tsayawa da ƙafarsa in an kashe hoton?

Na buɗe da abin da kunne ya riga ya sani. Na farko shi ne kiɗan buɗe fim ɗin kaboyi The Good, the Bad and the Ugly na 1966, wanda Ennio Morricone, mutumin Italiya, ya tsara. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin fim ɗin ba amma sun san fiton nan mai kama da kukan karen daji. Darasin da ke cikinsa shi ne take ɗaya ne aka raba wa mutum uku: na kirkin da sarewa, mugun da wani ɗan abin busa na yumɓu, na ukun kuma da muryar mutane. Da jin bakin da ya furta taken ka san wanda ke tafe. Na bi shi da kiɗan buɗe Sholay na 1975, aikin R.D. Burman. Da gangan na jera su, domin duk mai kunne zai ji cewa Burman ya saurari kiɗan kaboyi, ga jita ga fito, amma kafin kiɗan ya ƙare sai ka ji ƙamshin ƙauyen Indiya ya rufe shi. Ina so yaron ya ji bambancin wanda ya koya daga maƙwabci da wanda ya haura masa katanga. Na uku shi ne na Enter the Dragon na 1973, fim ɗin da Bruce Lee ya rasu kafin a sake shi. Lalo Schifrin ɗan ƙasar Ajantina ne ya tsara shi, ya kuma cusa irin ihun nan na 'yan kamfu a ciki har ya zama kamar ɗaya daga kayan kiɗan. Waɗannan ukun, kaboyi da Indiya da Canis, su ne abincin gidajen silima irin su Plaza da El Dorado a zamanin da suke tashe a Kano.

Na huɗu ban yi wata-wata a kansa ba: kiɗan The Message, wato Ar-Risala, fim ɗin Moustapha Akkad na 1976, wanda da wuya a samu gidan da ba a taɓa kallonsa ba. Maurice Jarre, Bafaranshe, shi ya tsara shi, shi ne kuma ya yi na Lawrence of Arabia a 1962, da na fim ɗin Umar Mukhtar, Lion of the Desert. A fim ɗin ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a kuma sa masa murya ba, don haka a wurare da dama wani tattausan sauti ne ke sanar da mai kallo cewa ana gabansa. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna nauyin da kiɗan bayan fage ke iya ɗauka ba. An sa shi cikin masu takarar kyautar Oscar a bikin 1978, sai dai Star Wars ne ya lashe.

Na biyar shi ne kiɗan buɗe The Godfather na 1972, inda kakakin Turawa guda ɗaya tal ke busawa a hankali, babu ganga babu komai, amma ka ji tsoro da tausayi sun haɗu maka. Nino Rota ne mai shi, kuma akwai wani labari game da shi da na so yaron ya sani. An sa sunansa cikin 'yan takarar Oscar, daga baya aka janye, saboda an gano cewa taken soyayyar fim ɗin ya taɓa amfani da shi a wani fim ɗin Italiya mai suna Fortunella a 1958. Kayansa ne fa, ba na wani ya ɗauka ba, amma duk da haka aka ce ba sabo ba ne. To ina ga wanda ya yanko na wasu ya liƙa?

Inda dokar nan ta mutum ɗaya kiɗa ɗaya ta fi ƙuntata min shi ne wurin John Williams. Shi ya yi Jaws, ya yi Star Wars, ya yi Superman, Indiana Jones, Schindler's List da Harry Potter, ya karɓi Oscar sau 5. Kowanne na ɗauka sai sauran su hana ni barci. A ƙarshe na tsaya a kan taken Darth Vader, wanda ya fara fitowa a The Empire Strikes Back a 1980, domin shi ne ya fi kama da abin da muka sani: tambari da kakaki ne na azzalumin sarki, da jinsa ka san a kauce daga hanya. Na Jaws kuwa, duk da shahararsa, na ajiye shi. Sauti biyu ne ake ta maimaitawa, suna ƙara sauri yayin da kifin ke matsowa, kuma gwaninta ce babba, sai dai ƙarfinsa na tare da ruwan da ake gani da ƙafar mai iyo. Haka ma kiɗan kisan banɗaki na Psycho na 1960, wanda Bernard Herrmann ya yi da gogen Turawa zalla. Waɗannan karatun gaba ne, a gaban talabijin ake yinsu.

A kan na bakwai muka ɗan ja da shi. Da ya ji zan sa Titanic, sai ya ɗauka waƙar Celine Dion ce. Na ce a'a. Ya ce, “Haba Kawu, ai ita ce Titanic ɗin.” Na ce masa waƙa ai ya sani, ita muka fi ƙwarewa a kai, abin da nake so ya ji shi ne yadda James Horner ya riƙe zuciyar mutane fiye da awa uku kafin a zo ga waƙar a can ƙarshe. Sai na ɗauki Hymn to the Sea, inda wata mawaƙiya 'yar ƙasar Nowe mai suna Sissel ke jan murya ba tare da furta kalma ko ɗaya ba. Na takwas shi ne taken fim ɗin Bombay na 1995, na A.R. Rahman. Fim ne a kan rikicin addini da ya ci birnin a 1992 zuwa 1993, kuma maimakon kiɗan tashin hankali sai Rahman ya bai wa sarewa magana, tana tafiya a hankali kamar mai ta'aziyya. Mu da muka san irin wannan masifa a garuruwanmu ba ma buƙatar a fassara mana shi.

Na tara shi ne wanda na gina kundin gaba ɗaya don a iso gare shi. Lokacin da aka bai wa Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Suwidin, aikin Black Panther na 2018, sai ya tattara ya tafi Senegal, ya bi Baaba Maal yawon wasa, ya zauna da makaɗan can. Kiɗan da ake kira Wakanda da muryar Baaba Maal yake buɗewa cikin Fulatanci, daga nan sai tama ta shigo, wata 'yar ganga da ake matsewa a hammata, ƙanwar kalangu ce sak. A fim ɗin ita ce ke kiran sunan sarki T'Challa, abokin gabarsa kuma aka ba shi sarewar Fulani. Take ke nan, irin namu, ba ragi ba ƙari, kuma da shi aka ci Oscar a 2019. Kayan da mutum ya ƙetaro teku ya zo nema, mu a ƙofar gida muke da su, muna wuce su za mu situdiyo.

Na rufe da Time na Hans Zimmer, daga fim ɗin Inception na 2010. Dalilina mai sauƙi ne: 'yan sautuka ne ƙalilan a kan fiyano, waɗanda mai koyo zai iya kamawa a yini guda, ake ta juya su, kowane zagaye a ƙara wani abu a kai, har su cika ɗaki, sannan a janye komai a bar fiyano ita kaɗai kamar yadda aka fara. Ina so abu na ƙarshe da zai ji ya zama wanda zai sa hannunsa ƙaiƙayi, ya ce ai ni ma zan iya.

Mai karatu zai lura babu ko ɗaya daga finafinanmu na Hausa, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Na zazzage duk abin da na tara tun zamanin kaset, waƙoƙi ne birjik, wasu ma ba za su taɓa tsufa ba, amma ban samu kiɗan bayan fage ko guda da aka fitar shi kaɗai da sunan mai shi ba. Alhali ga kukuma, ga gurmi, ga algaita, ga kotso, ga sarewa, ga kuma littattafanmu da ake ta mayarwa fim, cike da kishiyoyi da attajirai da marayu, kowannensu yana jiran a yi masa take. Ranar da za a taɓa kalangu sau uku mai kallo ya ce ga uwar miji nan tafe tun ba ta ɗaga labule ba, ranar kundin nan zai samu na goma sha ɗaya.

Na san wani zai ce ina James Bond, wani ya ce ina Gladiator, wani kuma ya ce an yi wa sarewar fim ɗin Hero rashin adalci. Duk kuna da gaskiya. Kowa ya zauna ya fidda nasa goman, zai ga cewa ɗauka ba ta da wuya, ajiyewa ce aiki. Shawarata kawai ita ce, in an haɗa, a saurara da dare, a kife waya, a ji kowanne sau uku kafin a wuce na gaba. Allah Ya sa mu dace.