Kati tsaka-tsaki a zagayen ƙarshe

Jiya da daddare na zauna kallon gasar poka ta duniya, wadda ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970. Kuɗin shiga babban wasanta kaɗai dala 10,000 ne. Kafin wani ya fara min wa'azi: caca haramun ce, na sani, ban taɓa sa ko sisi ba. Muna makaranta da tsinken ashana muke bugawa.

A salon Texas Hold'em kowa na riƙe da kati biyu, ana buɗe biyar a tsakiya. Da na biyar ya faɗo, shi ke nan, babu sauran jira. Mai kati mai ƙarfi ya zuba, mai katin banza ya ajiye ko ya yi burga. Wahalar tana kan mai tsaka-tsaki.

Na tuna ranar da nake da goma guda biyu, ga sarki a tsakiya. Girman kai ya sa na tura ashanata duka. Waɗanda na fi suka ajiye, mai sarki ya amsa, ya kwashe tas.

Daga baya na gane lissafin: kar ka zuba sai in fiye da rabin masu amsa maka ka fi su. In ka fi su kuma ka noƙe don tsoro, nan ma asara ce.

Wallahi har yau, kafin in tsayar da farashi a kasuwa, sai na tambayi kaina: wa zai amsa?