Yaushe za mu koya wa 'ya'yanmu mata ihu?

Duk ranar da labari ya fito cewa an tare wata a adaidaita sahu an ƙwace mata waya, ko an yanke ta a hannu don ta ƙi saki, ku duba abin da ake rubutawa a ƙasan labarin. "Allah ya kiyaye gaba" ta fi yawa, amin. Sai kuma masu tambayar me ya fitar da ita, ƙarfe nawa ne, ita da wa. Nas ce ta taso daga aikin dare. Ɗaliba ce ta fito daga laccar yamma. Mai shago ce a Kwari ta rufe za ta gida. Abin da ya fitar da ita ke nan, kuma gobe ma sai ta fita. Tambayar da ta rage ita ce: me ta sani idan abin ya zo?

Abin takaicin ma, domin mata aka kawo baburan nan. A 2005 gwamnatin Malam Shekarau ta shigo da su don mata su huta da hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a 2013, sai kowa ya dawo cikinsu, na gari da mugu. A 2022 har sai da gwamnati ta hana su zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Yawancin direbobin nan halal suke nema, na sani, ina da ɗan'uwa a cikinsu. Amma mai ƙwace ba ya jiran dare, da rana tsaka ma yi yake.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai koyar da tekwando ta tara mu, mata zalla, a farfajiyar wata makaranta ranar Asabar. Mun je da tunanin za a koya mana naushi. Abu na farko da ta ce shi ne kowacce ta fito tsakiya ta ɗaga murya ta ce "Sake ni!" yadda na bakin titi zai ji. Jama'a, wallahi abin ya gagara. Wata ta rufe baki da mayafi tana dariya, wata muryar ta maƙale a wuya, wata ta faɗa kamar mai neman alfarma. Akwai uwar 'ya'ya biyar a cikinmu, wadda in ta kira yaro daga ɗaki har maƙwabta ji suke, amma da aka sa ta yi wa baƙon namiji tsawa, ko da na ƙarya ne, sai ta kasa. Sai da muka kusa cin awa guda a kan kalmomi biyun nan.

Daga ina wannan ya samo asali? Daga gidajenmu. Tun yarinya tana ƙarama: rage murya, sunkuyar da kai, kar ki musa wa babba, kar ki tara mana jama'a. Kunya ado ce, ban ce a'a ba. Sai dai mugu ma ya san wannan tarbiyyar, da ita yake lissafi. Wanda ke matse ki a mota ya san za ki matsa ne kawai ki yi shiru. Direban da ya kauce hanya ya ce "akwai cunkoso ne Hajiya" ya san za ki ji nauyin ce masa tsaya in sauka.

Wannan ba hasashena ba ne kawai. A Kanada wata farfesa, Charlene Senn, ta gwada horo na awa 12 a kan ɗalibai mata 'yan shekarar farko a jami'o'i uku, su kusan 900. Sakamakon ya fito a 2015: a cikin shekara guda, kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda takardun bayani kawai aka ba su an yi musu fyaɗe, a waɗanda suka samu horon kuwa kusan kashi 5 ne. Rabi ke nan. Kuma kaso ɗaya ne cikin huɗu na darussan aka ware wa kare kai da jiki da baki. Sauran sun haɗa da gane haɗari tun da wuri, da cire wa zuciya wannan nauyin na "kar in ɓata masa rai". Dalili kuwa, yawancin masu cutar da mace ba baƙi ba ne a lungu. Wanda ta sani ne, wanda take gaisarwa. A nan ne ihun ya fi wuya.

Kaɗan daga abin da malamar ta nanata mana, ga masu so. In waya ko jaka yake so, jefa masa ki gudu, babu wayar da ta kai jininki, kuma yaran nan da wuƙa suke yawo. Amma in ke yake so ya ɗauke zuwa wani wuri, to a nan inda mutane suke za ki yi duk abin da za ki iya, don inda zai kai ki ya fi nan muni. In an riƙe miki hannu, ta wajen babban yatsansa za ki fizge, nan ne riƙon ya fi rauni. Tafin hannu a hanci, ko gwiwa, sau ɗaya don ki samu hanya, ba tsayawa dambe ba. A adaidaita ki zauna a bakin ƙofa, ki duba lambar da ke jikinsa kafin ki hau. Masu zuwa Abuja kuma sun san labarin 'yan wan cans, a shiga mota a tasha ya fi ko da an ƙara kuɗi. Ta kuma hana mu ɗaukar wuƙa a jaka: wadda ba ta iya ba, makamin da za a juya mata ta ɗauko.

Na san akwai masu cewa mace da kokawa ina aka taɓa yi. To a tuna Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib a yaƙin Khandaƙ, lokacin da maza suna bakin daga, ita ta kare matan da ke cikin ganuwa da sandar tanti. Da hijabinmu muka yi horon nan, babu namiji ko ɗaya a wurin.

Kar kuma wani ya ɗauki maganata ya ɗora wa wadda aka cuta laifi. Akwai wadda jikinta ke sandarewa don tsoro, ba ta zaɓa ba. Laifin na mai aikatawa ne, kama shi aikin 'yan sanda ne, fitilun titi aikin gwamnati ne. Ku kuma maza 'yan'uwanmu, ihun ba shi da amfani in kun ji kun ci gaba da shan shayinku, ko kun zaro waya kuna ɗaukar bidiyo. Lambar gaggawa 112 ce. Wadda abu ya riga ya faru da ita a Kano, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a je da wuri kafin kwana uku su wuce, saboda magungunan kariya.

Abin da nake so a gwada ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowace unguwa akwai Islamiyyar matan aure da ta 'yammata, akwai fili, akwai Asabar da Lahadi. Awa 12 ɗin nan Asabar huɗu ce kawai, awa uku-uku. Na yi wa shugabar tamu magana, ta ce in kawo mai koyarwa mace za ta ba da aji bayan la'asar. Tamu malamar ta koma karatu, ba ta gari. Don Allah wadda ta san wata a Kano, mai tekwando ko karate ko judo, da za ta iya zuwa unguwa, ta turo min saƙo. Kuɗin motarta a kaina.