Hanyar da muka zaɓa a Dutsen Kamaru

Shekara ashirin ina sayar da albasa a Duwala, kuma duk ranar da gari ya yi wasai nakan hango Dutsen Kamaru daga nesa. To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai a hunturun bara ɗana ya matsa, ya ce, "Baba, mu hau tun ƙafarka tana ɗaukarka."

A watan Janairu muka isa Buea, garin da ke gindin dutsen. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin hawa, don daminar yankin ba ta wasa. Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora.

Jagoranmu ya ba mu zaɓi. Akwai miƙaƙƙiyar hanya da ake kira Guinness, wadda masu tseren shekara-shekara ke bi tun 1973. Ana iya hawa a sauko ta nan a kwana biyu, sai dai tsaye take kamar tsani, kuma in ka wuce bukka ta farko ruwa ya yi wuya. Ko kuma a hau ta nan, a sauko ta wajen Marmaron Mann, kwana uku.

Yaron ya ce kwana biyu. Ni ma zuciyata ta karkata can, don albasa ba ta jiran mai ita. Jagoran ya dubi gwiwoyina, ya ce, "Alhaji, ba hawa ke karya dattijo ba, saukowa ce." Na yi shiru. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a hannuna. In na gurɗe, asarar ta fi ta buhu biyu. Na ce a bi doguwar.

A bukka ta biyu muka kwana. Wallahi ko a Marwa ban taɓa jin sanyi irin wannan ba. Da asuba ruwan alwala kamar ana yanka yatsu. Kusa da ƙololuwa, taku goma sai na tsaya neman numfashi. Da muka kai, gajimare na ƙasanmu, na ce Alhamdulillahi, na kasa ƙarawa.

Saukowa muka ratsa baƙar toka da ramukan aman wuta na 1999, gangara a hankali, muka kwana inda ruwa yake. Washegari muka bi ta kurmi muka fito Bokwango, ƙafata lafiya lau.

Ɗan'uwa, in za ka je, fara tambayar 'yan gari halin tsaro. Ɗauki rigar sanyi mai kauri, safar hannu, takalmin da ka saba da shi, da ruwa isasshe. Sa'an nan ka tambayi gwiwarka kafin aljihunka. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.