GITATA: A SAUKE INJI A ƊAURE, KO A SAYO NA BELJIYAM?

Garin Gitata yana arewa da Keffi, a bakin hanyar da ta fita daga Jihar Nasarawa ta nufi kudancin Jihar Kaduna. A tsarin mulki yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu, amma a wajen ciniki da zirga-zirga Keffi yake fuskanta. Wanda ya taso daga Abuja sai ya bi ta Nyanya da Mararraba da Masaka, ya sha cunkoson da aka san wannan hanya da shi, ya yi tafiyar kimanin kilomita 50 kafin ya iso Keffi, garin Abdu Zanga, inda Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a cikin shekarar 1902. Daga nan sai ya saki babban titi ya miƙa arewa.

Da barin Keffi sai hayaniya ta ragu, gonakin doya da dawa da masara da rogo su buɗe dama da hagu, ga duwatsu jefi-jefi. Gitata tsohon mazaunin Gwandara ne, mutanen da harshensu ya fi kowane harshe kusa da Hausa, har masana suna lissafa maganar Gitata a cikin kare-karen harshen. Suna zaune tare da Yeskwa na wajen Panda, da Fulani makiyaya, da Hausawa 'yan kasuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a garin shi ne motocinsa. Duk abin da aka noma a wannan yanki a bisa tsohuwar mota yake isa kasuwa: Golf da aka danƙara wa buhuna har bayanta yana neman taɓa ƙasa, da Sharon, da bas ƙirar Hiace, da J5 mai ɗaukar doya. Da wuya ka ga wadda ba ta haura shekara ashirin ba, da wuya kuma ka sami wadda injin da aka ƙera ta da shi yake cikinta ba a taɓa buɗe shi ba. A bakin hanya, gindin mangwaro, za ka tarar da bakanike ya kafa ƙarafa uku ya rataya sarƙa, inji yana lilo a jikinta. Ran da mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, tambayar da zai yi wa mai ita ɗaya ce: Alhaji, saukewa za mu yi mu ɗaure, ko kuwa na Beljiyam za a sayo?

WASAN ZAMIYA

To, wannan tambaya ta mai jigilar doya ita ce kuma take hana waɗansu samari barci a Abuja da Kaduna da Kano, watau masu wasan zamiya da mota, wanda su suke kira dirif. Yadda ake yinsa, direba ya shiga kwana da gudu, da gangan ya sa tayoyin baya su saki ƙasa, ko ta hanyar jan burkin hannu ko ta taka kuloci ya saki farat ɗaya, sa'an nan ya riƙe motar tana tafiya a karkace da totur da sitiyari kaɗai. Ba ya yiwuwa sosai sai da motar da tayoyin baya ke turawa, shi ya sa a nan ƙasar aka fi yinsa da tsofaffin BMW da Marsandi da Lexus.

Asalin wasan daga Japan ne. Wani mai tsere, Kunimitsu Takahashi, ya yi suna da irin wannan tuƙi a shekarun 1970, kana Keiichi Tsuchiya ya yaɗa shi a hanyoyin kan dutse da ƙaramar motarsa Toyota AE86, har aka ɗauki hotonsa na bidiyo a cikin 1987. Amurka ta kafa tata gasar, Formula Drift, a cikin 2004. A Afirka ta Kudu kuma akwai ɗan'uwansa, wasan juya mota wuri ɗaya, wanda ya tashi a Soweto da BMW 325i, aka karɓe shi a matsayin wasa na hukuma a cikin 2014.

Babu abin da ke gallaza wa inji kamar wannan wasa, dalili kuwa biyu ne. Na farko, injin yana kuka a ƙarshen ƙarfinsa alhali motar a karkace take tafiya, saboda haka iska ba ta bugun lagireto kai tsaye, zafi ya yi ta hauhawa. Na biyu, juyin yakan watsa baƙin mai gefe guda na kaskon da ke ƙasan inji, famfo ya zuƙo iska maimakon mai, ko da na daƙiƙa biyu ne, metal ya goge a jikin karanshaf. Abin da lodin doya zai yi wa inji a cikin shekara biyar, ɗan wasa yana iya yi masa a yammaci ɗaya. Shi ya sa gardamar ta fi zafi a tsakaninsu.

ZAMANIN ƊAURI

Dā can babu wannan gardama. Sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a cikin 1975, shekarar da 504 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, gyara shi ne al'ada. An ƙera injin 504 da silif da ake zarewa a cikin kowace silinda. In ya gaji sai a sayo saitin silif da fistin da ringi, a zare tsoho a zura sabo, a kai karanshaf wurin masu injin wasa ƙarfe su rage shi daidai awo, a sa masa metal mai kaurin da ya dace. Inji ɗaya sai a ɗaure shi sau uku, sau huɗu, yana aiki. Yaron gareji kuwa ba a yaye shi sai ya sauke inji ya ɗaure ya tashi a gaban maigidansa.

Al'amari ya juya daga watan Satumba na 1986, lokacin da aka karya darajar Naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp, suna sauka Legas da Kwatano. Daga nan sunan Beljiyam ya bi duk wani kayan mota na hannu, ko da daga Japan ya fito. Kasuwannin kayan gyara suka cika da injuna a jere kamar tulunan sayarwa: Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja. Ɗora na Beljiyam ya zama ya fi ɗauri sauri, sau da yawa har ya fi shi araha. Sannu a hankali hannun da ya iya awo ya fara ƙaranci.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Masu son musanya inji suna da hujja mai ƙarfi. Injin da bai taɓa buɗuwa ba ɗaurin kamfani ne, da awon kamfani. In irin na motar ne, a kwana biyu an gama, direba ya koma bakin nema. Ga ɗan wasa kuma musanya ita ce gajeriyar hanyar samun ƙarfi: a cire ƙaramin inji mai silinda huɗu a sa mai shida, ko a ɗauko 1UZ mai silinda takwas daga Lexus LS400, kamar yadda 'yan Afirka ta Kudu suke yi, ko 2JZ na Toyota mai lita 3, wanda gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe take jure ninkin ƙarfin da aka ƙera shi da shi.

Amma fa cinikin biri ne a sama. BMW ta daina ƙera injin M50 tun 1996, Toyota kuwa ta daina 2JZ kafin 2010, saboda haka abin da ake kira sabon shigowa tsoho ne da wani ya riga ya ci ƙuruciyarsa, ba ka san sau nawa ya yi zafi ba, ba ka san irin man da ya sha ba. Lamunin da mai sayarwa yake bayarwa na 'yan kwanaki ne. In kuwa baƙon inji ne daga wani kamfani, sayensa shi ne ƙaramin aiki. Sai an ƙera masa mazauni, an daidaita giya da farfela, an saƙa wayoyi, an shawo kan ƙwaƙwalwar injin, wadda a motocin BMW tun daga 1995 ba ta yarda ta tashi sai ta gane makullinta. Nauyinsa ma yana iya sauya yadda motar take juyawa. Bugu da ƙari lambar inji tana cikin takardun mota, wanda ya musanya bai riƙe rasiɗi ya gyara takardu ba, ya sayi rigima a shingen hanya.

Masu son ɗauri kuma suna cewa injin da ka buɗe da idonka shi kaɗai ka san cikinsa. Mai wasa yana iya zaɓen fistin mai jure zafi, ya sa shinge a cikin kaskon mai don kada ya gudu gefe, ya ɗaure shi daidai aikin da zai yi. Gaskiya ne, sai dai sharaɗinsa mai tsanani ne. Tazarar da ake bari tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na milimita. Ba a gane wannan da yatsa, sai da ma'auni. Kusoshin kan inji ma kowanne da iyakar ɗaurinsa, da sifana mai awo ake yi. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga hanyar mai ta isa ta rushe aikin mako biyu, ga shi kuwa yawancin garejinmu a fili suke, ƙurar hunturu tana sauka a kan komai. Ga kuma jabun ringi da metal da gasket a cikin kwali mai kyan gani. Bayan an gama sai an lallaɓa injin tafiyar kilomita dubu ko fiye kafin a matsa masa, haƙurin da samari kaɗan suke da shi.

Har ila yau ba kowane inji ne ya cancanci ɗauri ba. M50 gangar baƙin ƙarfe gare shi, yana karɓar gyara. Yawancin waɗanda suka biyo bayansa na alminiyam ne, in suka yi zafi sosai kan inji yakan lanƙwashe, zaren kusoshi ya zare. Irin wannan zuba masa kuɗi kamar ɗibar ruwa ne da rariya.

MA'AUNIN GITATA

Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin injin Beljiyam ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka koma neman mai ɗauri. A nan ne direbobin wannan hanya suke da darasin da za su koya wa 'yan birni. Mai jigila ba ya tambayar ƙarfin doki nawa inji yake da shi. Tambayarsa ita ce, in ya tsaya mini a Gitata da la'asar, akwai wanda ya san shi? Akwai kayansa a Keffi, ko sai an aika Apo, ko kuwa sai an jira jirgi daga Dubai? Abin da ya sa Golf da Hiace suka mamaye hanyar ke nan, ba don sun fi sauran kyau ba.

In aka auna motar wasa da wannan ma'auni, amsa takan fito fili. Mai koyo ya bar injin motarsa yadda yake, domin AE86 da Tsuchiya ya yi suna da ita ƙarfinta bai wuce doki 130 ba. Kuɗinsa ya tafi ga babban lagireto da baƙin mai na kirki da tayoyi. In injin ya buga, ya nemi irinsa ko ɗan gidansu, wanda zai zauna ba tare da yanka da walda ba. Kafin ya biya a gwada matsin kowace silinda, a duba fulogi, a kwance kasko a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. In ya saya kuma kada a ɗora shi a rufe: a sake masa metal da gasket da famfon ruwa tun yana ƙasa, watau a haɗa hanyoyin biyu. Cikakken ɗauri sai ga mai gangar inji lafiyayya, da bakanike mai ma'auni, da ɗaki mai ƙofa. Baƙon inji kuwa sai ga wanda aljihunsa zai iya sayen biyu, ɗaya a mota ɗaya a ajiye.

Sauran magana biyu ga hukuma. Ta farko, ƙasar da ta dogara ga injunan da wasu suka yar, ran da kuɗin waje ya yi wuya motocinta tsayawa za su yi, doyar Gitata ta ruɓe a gona. Ya kamata makarantun koyon sana'a su mai da hankali ga horar da masu wasa ƙarfe da masu awo tun tsofaffin hannu suna raye. Ta biyu, wasan zamiya ya riga ya shigo, kora ba ta hana shi ba. An sha ganin yadda wasa da mota a rakiyar amarya yake mai da gidan biki gidan makoki. Gara a keɓe wa samarin nan fili mai shinge, da dokoki, da hular kwano, da motar asibiti a gefe, yadda sauran ƙasashe suka yi. Hanya irin ta Keffi zuwa Gitata ta masu tallan gyaɗa ce da 'yan makaranta da garken shanu, ba fagen gwada inji ba ce, ko ɗaurarre ne ko na Beljiyam. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.