Lauyan Farko na Arewa da Darasin da Ya Bari

A ƙauyukan Adar, daga Tamaske zuwa Buza, rikicin gona yakan fara a gaban maigari, ya wuce gaban hakimi. In ya gagara sai ya kai kotu, inda ake rubuta hukunci da Faransanci. A nan talaka yakan gane cewa gaskiya kaɗai ba ta isa ba, sai da mai faɗar ta da harshen doka. Tarihin Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq, lauyan farko da Jihar Arewa ta Najeriya ta samu, yana da abin faɗi a kan wannan matsala.

An haife shi a Onica a shekarar 1927, amma asalinsa mutumin Ilori ne. Ya yi karatu a Dublin, sa'annan aka rantsar da shi lauya a Landan a 1955. Da ya komo gida, sai ya tarar da ƙasa mai shari'a iri biyu. Akwai kotunan alƙalai, masu hukunci bisa mazhabar Malikiyya, inda yawancin jama'a ke kai ƙara, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya a cikinsu ba. Akwai kuma kotunan Turawa, inda lauya ke da baki, amma talaka ba ya jin abin da ake faɗi.

Wanda ya ga irin wannan tsari ya san cewa kare mutum guda a gaban alƙali ba ya warkar da ciwon; dole a je inda ake tsara dokar kanta. Abdulrazaq ya zama mashawarcin jam'iyyar NPC kan shari'a, ya halarci taron tsarin mulki na Landan kafin ƴancin kai. Ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1960, shekarar da kundin Final Kod ya fara aiki. An tura shi jakada a Kodibuwa a 1962, daga baya ya zauna a majalisar tarayya daga 1964 har juyin mulkin 1966. Masarautar Zazzau ta naɗa shi Tafida, Ilori kuma Mutawalli. Ya rasu a watan Yuli na 2020.

Hanyar nan ba sabuwa ba ce. Daga cikin wakilai 55 da suka taru a Filadelfiya a 1787 don rubuta tsarin mulkin Amurka, fiye da rabi masana doka ne. Bayi da ƴan asalin ƙasar ba su da kujera a zauren, kuma jikokinsu sun daɗe suna biyan kuɗin wannan rashi.

Nijar ta bi tata hanya. Dokar 1962 ta bar wa al'ada gurbi a shari'ar aure, gado da gona, tare da masu taimaka wa alƙali da sanin al'ada. Dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin filaye. Amma takarda ba ta kare gonar wanda bai san da ita ba.

Saboda haka nauyi yana kan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Su fassara waɗannan dokoki da Hausa, su karanta su a dandali da rediyo, su kuma nuna wa ɗalibin Keita ko Madawa cewa karatun doka ba gadon wani gida ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ya kamata a same shi a wurin ranar da ake shawarar gyaran rufin.