Wasiƙa ga ɗiyata kan amintattun gidan zanenta

Jalingo, Jihar Taraba

Mamana,

  

Takardun da kika aiko sun iso, na karanta daftarin tsarin mulkin ƙungiyar da sunayen waɗanda kike so su zama amintattu. Na ga ya fi in rubuto miki a kan in kira ki a waya, domin maganar tana da tsawo, kuma wani abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba a karatun farko. Ki ajiye ta, ki sake dubawa idan ranki ya huce.

Abin da kika ƙudurta ya faranta mini rai ƙwarai. Tun 1991 Jalingo ta zama babban birnin jiha, amma akasarin masu zanen garin nan abincinsu yana wajen allon shago ne, da hoton ɗan takara, da kwalliyar zauren biki. Wurin da matashi zai rataye aikin da ya fito daga zuciyarsa, mutane su shigo su kalla har su yi gardama a kai, shi kike son buɗewa, kuma ba don riba ba. Allah ya sa albarka. Saboda ina son abin ya daɗe ne zan yi miki magana a kan sunayen nan.

Kin rubuta kwamishina ɗaya, da ɗan majalisa, da wani Alhaji ɗan kwangila, da wani mai sarauta, sannan maigidanki, da ƙawarki ta makaranta, da ni a matsayin shugaba. A cikinmu wa zai iya dubanki ido da ido ya ce miki a'a? Huɗun farko ba za su zo taro ba, wakili za su turo, idan ma sun turo. Mu ukun ƙarshe za mu zo, amma ƙaunarki za ta ɗaure mana baki. Ranar da kika yi kuskure, kuma kowane mai aiki yana yi, babu wanda zai tare ki tun abin yana ƙarami.

Na san dalilinki. Kina ganin sunan babba zai buɗe ƙofar gwamnati da ta masu kuɗi. Amma ki duba abin da doka ta ɗora wa amintacce kafin ki ɗauke shi ado a saman takarda. A dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, idan hukumar CAC ta yi muku rajista, amintattun nan su ne jikin ƙungiyar a gaban shari'a. Da sunansu take mallakar fili da kadara, da sunansu take kai ƙara, a kuma kai ƙararta. Kafin rajista sai an buga sunayensu a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Wanda kotu ta kama da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce ba ya shiga. Kuma ki lura da wannan: sa mutum abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki. Sai an yi taro an zartar, an koma CAC, an sake bugawa a jarida. Kwamishina kuwa da gwamnati yake zuwa, da ita yake tafiya. Idan mulki ya juya, sunan da ya buɗe miki ƙofa jiya shi zai sa a rufe ta gobe, kuma yana nan daram a kan satifiket ɗinki.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a gare ki ke kanki. Daga ranar rajista, gidan ya daina zama naki. Ke kika yi mafarkinsa, ke kika sayar da zanenki kika biya lauya, amma kuɗinsa da kayansa na manufar da aka rubuta ne. Doka ta hana a raba ribarsa tsakanin mambobi. Ta kuma hana 'yan majalisar gudanarwa cin albashi a cikinsa, sai dai a mayar musu da abin da suka kashe daga aljihunsu, ko a biya su haya daidai kima idan ƙungiya na zaune a gininsu. Ko rushe ta aka yi, abin da ya rage ba ya komawa gidan kowa, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Saboda haka ki zauna da lauyanki ki zaɓa. Idan ke ce darakta mai albashi, kuma ya kamata ki samu albashi don aiki ne na cikakken lokaci, to wasu ne za su yanka miki shi, su duba aikinki, su kuma iya sallamar ki idan ta kama. Na san wannan jimlar ta ƙarshe tana da ɗaci. Duk wanda ya kafa abu yana jin kamar ɗansa ne. Amma wanda ba zai iya haɗiye ta ba, gara ya buɗe shagon sayar da zane da sunansa, wannan ma halal ne kuma ba abin kunya ba ne.

Ke da kika yi karatu a Zariya kin fi ni sanin labarin ƙungiyar da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa a 1958. Ta sauya tunanin masu zane a Najeriya baki ɗaya, amma zuwa 1961 ta watse, domin ta ɗalibai ce, da suka gama karatu kowa ya kama gabansa. Onobrakpeya daga baya ya kafa gidauniya, tun 1998 take tara masu fasaha lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta Jihar Delta. Misalin da ya fi kusa da naki shi ne na Bisi Silva. Ta buɗe cibiyar CCA a Yaba ta Legas a ƙarshen 2007, da ɗakin baje koli da ɗakin karatu, sannan a 2010 ta fara makarantar Asiko, wadda ta riƙa yawo da matasan masu fasaha zuwa Akara da Dakar da Maputo da Addis Ababa. Kowa ya san cibiyar da Bisi kamar abu ɗaya ne. Ta rasu a Fabrairun 2019, tana da shekara 56. Cibiyar ba ta bi ta ba. Akwai kwamitin amintattu, akwai waɗanda ta horar, daga baya Oyindamola Fakeye ta karɓi jagoranci, Asiko ma ta ci gaba. Allah ya ba ki tsawon rai, Mamana, amma ko ba mutuwa akwai ciwo, akwai haihuwa, akwai canjin wurin aikin maigida. Ki zaɓi mutanen da idan kin yi wata shida ba kya nan, za a biya haya, a buɗe ƙofa, a rataye aikin yara.

Sai maganar kuɗi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusun ƙungiya ya yi aiki sosai, CAC kuma tana jiran rahoton shekara-shekara. Wannan duk aikin ma'aji ne na gaske, wanda ya san lissafi kuma ba ya jin nauyin tambayar rasit. Kada ki zama ke kaɗai mai sa hannu, kada kuma ya zama ke da maigidanki. Ba don ina zargin ɗayanku ba, sai don bakin mutanen gari, kuma masu ba da tallafi daga waje abin da suke fara dubawa ke nan. Game da Alhaji kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan yana cikin amintattu kuma shi ke biyan hayar gini, ranar da wani yaro ya zana hanyar da aka ci kuɗinta aka bar ta da ramuka, wa zai hana a sauke zanen? Wannan ba matsalar ƙananan wurare ba ce kawai. A Amurka, gidan zane na Whitney ya taɓa samun mataimakin shugaban amintattu mai suna Warren Kanders, wanda kamfaninsa ke ƙera barkonon tsohuwa a lokacin. Aka yi ta zanga-zanga, masu fasaha takwas suka ce a cire ayyukansu daga babban baje kolin gidan, sai ya yi murabus a Yulin 2019. Ki sa a tsarin mulkinku cewa mai ba da kuɗi ba ya zaɓar abin da za a nuna, kuma duk amintaccen da wata magana ta shafi aljihunsa ko danginsa ya faɗa, ya fita daga ɗakin har a gama yanke hukunci.

Ban ce ki yi watsi da manya ba. Ba a buɗe irin wannan wuri a Jalingo ba tare da an je an gaida Fadar Muri an sanar da ita ba. A birnin Benin an gina katafaren gidan adana kayan fasaha na MOWAA da kuɗi masu yawa daga ciki da waje, amma saboda saɓani da fadar Oba, masu zanga-zanga suka kutsa taron share fage a Nuwamban 2025, aka ɗage buɗewa. Manya suna da kujerarsu, ita ce ta iyayen ƙungiya. A girmama su, a gayyace su yanka zare, a je musu da matsala idan ta taso. Wannan kujerar ba ta da sa hannu a banki kuma ba ta da ƙuri'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne garin da za ki yi aikin a cikinsa. Nan akwai Fulani da Mumuye da Kona da Jukun da Hausawa da wasu da yawa, Musulmi da Kirista, wani lokaci a gida ɗaya. Sunayen da kika aiko duk daga ɓangare ɗaya suke, namu. Mai sassaƙa daga Zing ko Pantisawa idan ya ga haka zai ce ba gidansa ba ne, kuma yana da gaskiya. Sannan wata rana, ba makawa, za a ajiye mutum-mutumi a zaurenki, wani ya fita ya ce an kawo gumaka unguwa. Wata rana kuma daga wancan ɓangaren ƙorafin zai fito. A ranar ba ke kaɗai ya kamata ki tsaya a bakin ƙofa ba. Kina bukatar amintattun da jama'arsu ke jin maganarsu, waɗanda tun farko suka zauna suka rubuta ƙa'idar abin da gidan zai nuna da yadda zai nuna shi, suka kuma bar miki zaɓin ayyuka a cikin wannan ƙa'ida. Idan sun yarda da ƙa'idar tun ana zaman lafiya, za su kare ta lokacin hayaniya. Amintaccen da bai taɓa zuwa taro ba, shi zai fara cewa bai san da maganar ba.

Kuma su buɗe littafin rajistar kaya tun daga zane na farko: na wane ne, aro ne ko kyauta, wa ke da ikon fitar da shi. Kin san yadda sassaƙe-sassaƙen Mumuye suka kwarara waje a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, da yawa ta Kamaru. A 2011 gidan tarihi na Fowler a Amurka ya yi babban baje kolin fasahar kwarin Binuwai, har aka kai shi Faransa. Mutanen can sun kalli aikin kakannin maƙwabtanmu, jikokin masu aikin kuwa sai dai su gani a hoto. Ina jin zafin wannan har yau. Kada aikin yaran wannan zamani ya bi hanya ɗaya saboda babu wanda aka ɗora wa alhakin tsaronsa a rubuce.

Mutum biyar sun isa. Ki nemi malamin zane daga Jami'ar Jihar Taraba ko Kwalejin Ilimi ta Zing, da akawu wadda ta yi aikin banki ko na odita, da lauya mai lokacin karanta takarda. Kujera ɗaya ki bar wa masu fasaha su zaɓi nasu da kansu, ko da wanda za su zaɓa ba ya shiri da ke. Mata kada su kasa biyu. A yanka wa'adi, shekara uku sau biyu, kuma kada duka su sauka lokaci ɗaya. A rubuta cewa wanda ya ƙi zuwa taro uku a jere ba uzuri ya sauka. Kafin ki sa sunan kowa, ki je ki faɗa masa adadin zaman da za a yi a shekara da cewa babu alawus, ki ga yadda fuskarsa za ta yi.

Ni kuwa ki cire sunana. Kawunki ne ni, sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, ba zan iya zama a kujerar da za a tattauna albashinki ko sallamarki in yi adalci ba. Abin da zan iya shi ne shagon nan biyu na gaban gida da babu kowa a ciki. Zan ba da su shekara biyu ba haya, amma da yarjejeniya a rubuce, da sunan ƙungiya, amintattu su sa hannu. Idan za ki taho hutun ƙarshen zango, ki zo da sabon daftarin da sababbin sunayen, mu je tare wajen lauya, daga nan mu nemi ranar zuwa fada.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Wassalam,
Kawunki